Malam, Mi Ar Runji?



A Runjin Sambo aka yanke mini cibiya, a nan na yi makarantar allo da ta boko, kuma a nan nake koyarwa yanzu, a wata makarantar kuɗi da ba sai na ambaci sunanta ba. Sunan unguwar nan na rubuta shi a takardar jarabawa, na rubuta shi a fom ɗin banki da wasiƙar neman aiki, na faɗa wa 'yan kabu-kabu shi sau ba adadi. Amma sai da na haura shekara talatin kafin wata yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ta sa na saurari abin da bakina ke faɗi.

Kun san wajen 2009 aka cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan guntun da ya rage cikin Soshiyal, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi. Darasi ya dawo, malamansa ba su dawo ba. A makarantarmu sai aka waiga cikin ofis aka ga ni ne mai yawan karance-karance, aka ɗora mini. Ni kuwa Hausa na karanta.

Ranar da abin ya faru muna kan babin cinikin bayi. Littafin da aka ba ni ya yi iya ƙoƙarinsa: ga zanen jirgin ruwan nan da aka jera mutane a cikinsa kamar kifin gwangwani, ga hoton sarƙoƙin Badagiri, ga William Wilberforce, ga dokar da majalisar Ingila ta yi a 1807. Yara suka yi tsit. Na ƙara musu da labarin Hausawan da aka kai Bahiya ta ƙasar Brazil, yadda suka yi ta yunƙurin bore tun 1807, har zuwa babban boren bayi Musulmi na 1835, inda aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wannan ya burge su ƙwarai, ni ma ina ta jin daɗin kaina. Cinikin Sahara kuwa sakin layi ɗaya littafin ya ba shi, can a babin kasuwanci, inda aka lissafa kayan fatauci: gishiri, goro, fatu, zinariya, bayi, gashin jimina.

Sai wata yarinya a layin baya, irin waɗanda ba su cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Malam, mi ar runji?"

Na ce wane runji?

"Na unguwarmu. Kakana ya ce wurin bayi na. Gaskiya ta?"

Na san amsar, kuma abin da ya ba ni kunya ke nan. Na san ta tun ina jami'a, na gan ta cikin ƙamus ɗin Bargery, na ajiye ta inda ake ajiye tsofaffin kalmomi don ranar jarabawa. Ban taɓa haɗa ta da adireshin gidanmu ba.

Na ajiye alli na gaya musu. Runji, ko rinji a bakin Kanawa da Zazzagawa, ƙauyen gona ne da mai hali, basarake ko malami ko attajiri, ke zaunar da bayinsa su noma masa. Fulani na ce masa rumde. Da hantsi su fita gandun ubangijinsu, sai wajen azahar a sallame su, kowa ya je ya taɓa 'yar gayaunarsa kafin rana ta faɗi. Akwai sarkin gandu mai kula da aikin, shi ma yawanci bawa ne. Biranen da muke alfahari da su, Sakkwato da Kano da Zariya, kewaye suke da irin waɗannan gonaki. Su ke cika rumbu, su ke kawo audugar masaƙa da babar marina. Gandun Nasarawa da Ɗorayi da Fanisau na Kano duk daga cikinsu ne. Na ce musu sunan unguwarmu yana faɗin abin da wurin yake ne tun kafin birni ya miƙo ya haɗiye shi, kuma ba ya faɗin komai a kan asalin mutanen da ke zaune a ciki yau, don yawancinmu zuwa muka yi daga baya, wasu da aikin gwamnati, wasu da jami'a, wasu da kasuwa. Na maimaita wannan har sau biyu. Aka kaɗa ƙararrawa, na fita ina ganin na sauke nauyi.

Kwana biyu tsakani shugaban makaranta ya aiko a kira ni. Wani uba ne ya zo da sassafe, ransa a ɓace, wai ɗansa ya koma gida yana tambaya ko su bayi ne. Shugabanmu mutum ne mai sauƙin kai, bai ɗaga mini murya ba.

"Malam, ka tsaya ga abin da ac cikin littahi. Uba guda in ya husata, ɗiya ukku za ya kwashe muna."

Na ce to, ranka ya daɗe. Me zan ce? Albashina a cikin kuɗin yaran nan yake.

Amma kafin tara ta yi maganar ta riga ni isa ofishin malamai. Wanda ya fara tare ni shi ne malamin Addini, dattijo ne, ya koyar da ni tun ina ɗan firamare, har yau ban iya zama kan kujera yana tsaye. Ya ce, "Ɗana, kar ka ɗauko gudumar wasu ka ba yara su rushe gidansu." A ganinsa bautarmu daban take da ta Turawa. Bawa a nan yana iya zama Shamaki ko Ɗan Rimi ko Sallama a fadar Kano, ya fi ɗa iko. Baiwar da ubangijinta ya sa ɗaka, in ta haihu ba a sake sayar da ita, ɗanta ɗa ne mai gado, ita ma ta zama 'ya ranar da ubangijin ya mutu, kuma sarakuna nawa aka haifa ta wannan hanya? Ga murgu, inda bawa ke biyan wani abu ya je ya yi sana'ar kansa. Ga fansar kai. Ga kaffara, wadda shari'a ta sa 'yanta bawa a cikinta. Ya ce masu son ɓata sunan Shehu da jihadi da wannan ƙofa suke shigowa, ga shi ni na buɗe musu ita a gaban yara 'yan shekara goma sha uku.

Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, kuma ba na cikin masu cewa gonar rake ta Jamaika da gandun Sakkwato abu ɗaya ne. Sai dai maganar tasa ta tuno mini da rigimar da aka yi a jihar Florida ta Amurka a 2023, lokacin da hukumar ilimi ta sa a manhaja cewa a koya wa yara wai bayi sun koyi sana'o'in da wasunsu suka amfana da su. Mu nan mun yi ta tsaki a kan wannan, muna cewa Bature ba ya kunya. To ai laifi tudu ne. Shamaki mutum ɗaya ne a Kano, masu riƙe da hauya a rumada dubbai ne. Kuma kafin yarinya ta zama uwar sarki, sai da aka fara ɗauke ta daga gaban tata uwar.

Abin da na gaya wa Malam, cikin ladabi, kaina a sunkuye, shi ne magabatan da muke tsoron a ɓata wa suna sun fi mu ƙarfin halin yin maganar nan. Me ya hura wutar da ta kai ga hijira zuwa Gudu a 1804? Ai mayaƙan Gobir ne suka faɗa wa Gimbana, garin su Abdussalami, suka ɗauro mutane, da aka zo wucewa da su ta kusa da Ɗegel jama'ar Shehu suka tare suka kwance su. A cikin Wasiƙatu Ahlis Sudan Shehu Usmanu, Allah ya ƙara masa yarda, ya bayyana haramcin bautar da 'yantaccen Musulmi. Ƙanensa Malam Abdullahi, tun yaƙi bai ƙare ba, ya kasa jure abin da yake gani a sansani, ya bar rundunar ya nufi gabas har ya tsaya a Kano, kuma cikin Tazyinul Waraƙati ya koka da mutanen da burinsu ya koma tara ƙwaraƙwarai da dawaki da tufafi. Shehun Barno Alkanemi ya rubuto yana tuhumar masu jihadi da kame Musulmi, Muhammadu Bello bai ɓoye tuhumar ba, ya sa ta cikin Infaƙul Maisuri tare da amsarsa. Su da kansu suka rubuta, suka bar mana. Mu ne muka zo muka ga ya kamata mu rufa musu asirin da ba su nemi a rufa ba.

Kuma akwai gaɓar da ko su ba su yi jayayya a kanta ba, wadda ita ce ta fi mini nauyi in ina tsaye gaban allo. Abin da suka hana shi ne bautar da Musulmi. Wanda ba Musulmi ba, in an kama shi a yaƙi, fiƙihun zamanin ya halatta, kamar yadda yake a mafi yawan duniyar lokacin. Masarautu irin Adamawa da Bauci da Zazzau sukan aiko da bayi Sakkwato cikin gaisuwar shekara. Masana biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafin da suka fitar a 1993 kan yadda bauta ta mutu a Arewa, sun kiyasta cewa lokacin zuwan Turawa akwai bayi tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5 a daular. Ko ƙaramin adadin ka ɗauka, ka tambayi kanka ina jikokinsu suka tafi. Ba su hau jirgin ruwa ba. Wanda kuma ke ganin duk binciken Turawa ne, ga Mohammed Bashir Salau, ɗan ƙasar nan, ya yi littafi sukutum a kan gandayen Fanisau.

Bature ma littafin makaranta ya yi masa kwalliyar da bai cancanta ba. Yara na fita da tunanin Lugga ya zo ya hana bauta, shi ke nan. Sanarwar 1901 ta hana hari da sayarwa, ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne. Wanda ke hannu kuwa an bar shi a hannu. Turawa na tsoron in bayi suka watse noma zai tsaya, sarakunan da suke son yin mulki ta hannunsu su juya musu baya, don haka aka toshe wa mai gudu hanyar samun gona, aka ce ya koma ya fanshi kansa a gaban alƙali. Sai a 1936 aka yi dokar da ta 'yanta kowa. Wato akwai tsofaffi a garin nan da iyayensu suka ga wannan da idonsu.

Sai Satiru, nan kudu da mu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur ba. A Fabrairun 1906 mutanen garin, talakawa da almajirai da bayin da suka gudo, suka karya rundunar Turawa suka kashe jami'ansu uku. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu, sojan Bature da mahayan Sakkwato tare, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. Na yi shekara shida a sakandare a birnin nan ban ji sunan Satiru a aji ba, amma na iya zana taswirar Badagiri.

Malam ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ka yi karatu, ɗana. Amma karatu daban, hikima daban." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Wadda ta karya mini gwiwa malamar Lissafi ce, wadda tun ɗazu take duba takardun gwaji kamar ba ta jin mu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ku duka maganar matattu kuka yi. Ni rayayyu nika ji ma tsoro." Ta ce ƙanwarta an sa ranar aurenta, an kawo lefe, sai wata gwaggon ango ta je binciken asali ta dawo da kalma ɗaya. Sati bai zagayo ba aka aiko a karɓi akwatuna. Ba wanda ya faɗi kalmar a fili, cewa aka yi an yi istihara. Ta ce, "Kai kana ganin tarihi kaka koyarwa. Su yaran ga makami ka ba su."

Ko sati ba a yi ba maganarta ta tabbata. A filin tara wani yaro ya ce wa wani "ɗan runji, jikan bayi", aka kaure da dambe, riga ta yage, leɓe ya fashe. Yaron da aka zaga ba wanda ya san komai game da asalinsa. An zaɓe shi ne don shi ne mai tsohon takalmi, shi ne wanda ake kora gida kowane zango saboda kuɗin makaranta. Ni na raba su, ni na wanke masa baki a famfo, hannuna na rawa. Ina iya kare kaina in ce zagin "bawa" ba a ajina suka koya ba, da shi suka zo daga gida, daga bakin manya a wajen rabon gado da neman aure da rikicin sarautar unguwa. Haka ne. Amma "ɗan runji" ni na ba su, da allina.

Kuma abin bai tsufa yadda muke so mu ɗauka ba. Daga nan zuwa Illela ka tsallaka Ƙonni tafiyar safiya ce. A yankin ne aka sayar da Hadijatou Mani a 1996, tana 'yar shekara 12, a kan sefa 240,000, ta zama abin da ake kira wahaya, mace ta biyar da ba a ɗaura wa aure. Nijar ta yi dokar hukunta bauta a 2003, amma sai da matar nan ta kai ƙasarta ƙara kotun ECOWAS, a Oktoban 2008 kotu ta ce gwamnati ta gaza kare ta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Shekarar da aka sayar da ita ni ina firamare, ina haddace jihohi da manyan biranensu.

Daren da aka yi damben na kasa cin tuwo, na shiga ɗakin kakata. Inna ta haura tamanin, idonta ya yi rauni amma kunnenta da bakinta garau. Na ba ta labari tun daga farko, ina jiran ta ce Allah ya kyauta. Sai ta yi dariya.

"Mai gidana, garin tone-tone kaza ka tono wuƙar yanka ta."

Na ce Inna, wace wuƙa kuma?

Ta yi shiru har na ɗauka ta yi barci. Sannan ta ce in tura ƙofa.

"Uwar babana ba nan anka haihe ta ba. Kamo ta anka yi, ko ƙirgar dangi ba ta hwara ba. Ita da ƙanenta sun tai ɗibar ruwa, mahaya sunka hwaɗa masu. Shi anka yi wani wuri da shi, ita anka kawo ta nan. Kakanmu yas sa ta ɗaka."

A falon kawuna akwai salsalar gidanmu cikin gilashi, an rataye ta sama da talabijin, maza bakwai a jere, kowa da laƙabinsa na malanta. Tun ina yaro nake haddace ta. Mutumin da Inna ke magana a kai shi ne na huɗu. Na san garin da ya yi karatu, na san littattafan da ya sauke, har alƙalaminsa na kara yana nan an adana. Matar da ta haifa masa na biyar ban taɓa jin an ambace ta ba sai daren nan.

Inna ta riske ta, tana yarinya ita kuma tsohuwa tukuf a ɗakin baya. Ta ce tsagen fuskarta ba irin na kowa ba ne a gidan. Ta ce ba ta wasa da salla, azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta, amma har ta koma ga Allah Hausarta da ɗan gargada, jikoki na kwaikwayonta a ɓoye. Tana yin ƙuli-ƙuli, kuma in za ta ƙirga kuɗin ciniki sai ta juya baya ta ƙirga da wani yare, a hankali, kamar mai satar wani abu. In tana niƙa takan yi wata waƙa da ba mai jin ma'anarta. Inna ta ɗan rera mini karin da hanci, babu kalma ko ɗaya, kalmomin sun tafi da mai su. Wani lokaci, in ji Inna, in baƙin fatake suka sauka a zaure, sai tsohuwar ta laɓe bayan zana tana leƙen fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai da Inna ta girma ta gane tsage take dubawa. Ƙanenta take nema, bayan shekara hamsin.

Na ce an wulaƙanta ta ne?

"Wa za ya wulaƙanta uwar mai gida? Ɗanta har ya mutu ba ya cin abinci sai ta ci. Amma kishiyoyi in hwaɗa ya yi zahi, sun san kalmar da suka jehwa."

Na tambayi sunanta. Ta ce Iya kowa ke ce mata. Akwai sunan da aka sa mata ranar da aka kawo ta, irin sunayen nan da ake sa wa bayi na godiya da dangana, amma ɗanta ya hana a kira shi. Na ce ina nufin na ainihi, wanda uwarta ta raɗa mata.

"Ba wanda yat tambaye ta."

Na fito tsakar gida na daɗe a tsaye. Da safe ni ne malamin da ke gaya wa yara labarin wasu mutane da ake kira bayi, da dare ga ni jikan mai gandu kuma jikan wadda aka kamo, a jiki ɗaya. Na tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne. Da kowa zai tura ƙofa ya zauna gaban tsohuwar gidansu, da gwaggo mai binciken asali ta rasa gidan da za ta tsaya.

A nan ne tunanina ya dawo kanmu, mu masu rubutu. A 1934 aka buga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan gasar nan ta Zariya da ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Labarin yaro ne daga Kagara da aka sace, ya bi hannu-hannu har ya ƙetare Sahara, uwarsa ta bi sawunsa ita ma aka sayar da ita, ba su sake haɗuwa ba sai tana gab da mutuwa. Mutumin da ya zama Firayim Minista ya rubuta wannan da Hausa, shekara biyu kafin dokar 1936, lokacin da masu tabon abin ke yawo a kasuwa. Mun karanta shi a aji. Da aka tambaye mu jigo sai muka rubuta haƙuri da yarda da ƙaddara, aka ba mu maki cikakke. Ba wanda ya ce mana mu ɗauki littafin nan mu tsallaka da shi ajin Tarihi. Haka labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama, ya bi Barth har Ingila, ya ba da tarihinsa da Hausa aka rubuta, ya zo ya rasu a Kano a 1912. Haka Baba ta Karo, wadda ta ba da labarin rinjin gidansu dalla-dalla, da yadda ake fanso 'yan uwa in mahara sun kwashe su.

Yanzu ku duba littattafan sarauta da muke rubutawa muna turawa a waya, ni ma na yi guda biyu, ba na cire kaina. Yarima ya shigo, bayi sun zube. Gimbiya ta yi tsaki, kuyangi sun watse. Mun san launin alkyabbar yarima da irin turaren gimbiya, amma kuyangar da ke mata fifita shafi ɗari uku ba ta da gari, ba ta da uwa, ba ta da ƙane. In kuwa muka ba baiwa baki, to ku jira babi na arba'in, za a gano ashe 'yar sarkin wani gari ce aka sace tana jaririya. Ko a ƙage ba mu yarda yarima ya auri baiwa ta gaskiya ba. Binciken asalin gwaggo muke yi, da alƙalami.

Uban yaron nan dai ya kwashe 'ya'yansa a ƙarshen zango. Da aka dawo hutu na tarar an ba wani Tarihi, an mayar da ni Hausa zalla. Ban yi gardama ba. Na buɗe kabad ɗin ofis na tarar da kwafin Shaihu Umar goma sha ɗaya, sun yi ƙura, bangon wasu ya cire. Ba wanda ya taɓa hana malamin Hausa karanta littafin Hausa.

Yaran nan ne dai, sun shiga aji uku. Mun yi sati huɗu muna karantawa, uku-uku a kan kwafi ɗaya. Ban ba su aikin gida na tambayar asalin kowa ba, malamar Lissafi ta koya mini wannan. Ranar da muka kai inda uwar Umar ta gan shi, na rufe littafin na ce zan ba su labarin wata yarinya da ta je ɗibar ruwa da ƙanenta. Sai da na nemi izinin Inna kafin nan, ta ce in faɗi, amma kada kawunnena su ji daga bakinta ya fito. Na ba su har ƙarshe, da ƙuli-ƙulin da ƙirgan da leƙen bayan zana. Sannan na ce musu kakar kakata ce, duk mai neman jikan bayi a makarantar nan ya fara da ni.

Yaron da ya yi zagin ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Wanda aka zaga yana kallon taga, inda na lura shugaban makaranta na tsaye, ban san tun yaushe ba. Bai shigo ba, bai kuma aiko a kira ni ba, har yau.

Daga layin baya hannu ya tashi.

"Malam, mi as sunanta?"

Na ce mata ba wanda ya tambaye ta. Ta ɗan jira ko zan ƙara wani abu, sannan ta duƙa ta rubuta a littafinta.